Saƙon da Kawu Ɗan Baba Ya Tausasa

Tasawa, Talata 18 ga Mayu 2010, bayan la'asar, a ɗakin awo, babu wuta.

Zeinabou, sanyin randata, inuwar gawona, ke da kika fi ruwan farko daɗi, ko da yake bana ba mu gan shi ba balle in gwada.

Kin tuna ranar da kika kawo mahaifinki, Baba Mai Nasara, daga Kona a kan amalanke, kika miƙo mini takardunsa? Na sake su suka zube ƙasa. Ni na ce zafi ne. Ƙarya na yi, ke ce. Da na san zan nemi aurenki, da tun ranar na gaya masa komai, lokacin ina sabon likita kawai. Yanzu surukina ne. Da wane baki zan yi masa zancen fitsari?

Shi ya sa na aiki kawunki, Kawu Ɗan Baba, ya kai masa saƙon. Na ce ciwon dajin prostat ɗin, na ƙasan mafitsara, ya daina jin allurar da ke danne shi, ya shiga ƙashi. Na ce abin da ya rage ƙarin ruwan maganin daji ne, wato shimiyo, a Yamai, mai rage zafi, mai iya ƙara watanni, ba mai warkarwa ba. Kawu ya ji tausayi, ya gaya wa Innarki ciwon ya ɗan yi taurin kai. Inna ta gaya wa Baba sanyi ne. Baba ya yi murna, ya ce ba Yamai, kuma za a ɗaura aurenmu in ya warke, bayan girbi. Wane girbi, tauraruwata? Rumbunan Kona ko ɓera ya yi musu bankwana. Ko sanarwar gwamnatin soja kan yunwar bana a radiyo ba ta kai saƙona laushi ba.

Gobe zan cire takalmi, in durƙusa, in ɗaga ido in dube shi, in faɗa masa da bakina. Za a ce ba ni da kunya. Ki tsaya bayan danga, ina roƙonki, in ji motsinki.

Abin da ban sani ba: watannin da suka rage masa, ko jikinsa zai ɗauki shimiyo, ko zai yarda da tafiyar, ko gobe da yamma yana da sauran niyyar ba ni ke.

In ya hana, ni zan ci gaba da yi masa allura, in ci gaba da sonki daga bakin ƙofa.

Naki, ko an ba ni ko an hana,
Rufa'i