Ƙaramar Motar Baba

12 ga Maris

Auta,

Ina gaishe ka da iyalinka, don zumunci ya wajabta, ba don na huce ba.

Saƙonka ya iso, wai in sa hannu a sayar da rabin filin motocin da Baba ya bar mana. Kafin in ɗauki biro, bari in tuna maka ranar da ka mayar da ni abin dariya a gaban dillalai. Ka kwashe ƙananan motocinmu ka yi musanye da manyan nan masu shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya. Na ce maka arahar mai ba gado ba ce, duk ranar da manyan ƙasashe suka rufe wa juna mashigin teku, mu ne za mu ji a tanki. Ka ce, "Ku ji Malam Rediyo! Ina ruwan mai sayen mota da teku?" Har yau jikokina da sunan suke kirana. Karatun da na yi bai tsinana mini komai ba sai wannan laƙabi.

To ga teku nan ta zo har ƙofar filinka.

Zan sa hannu, amma ƙaramar motar Baba da ke ƙarƙashin rumfa ba ta cikin ciniki. Kujerar direba har yanzu da lotsawar zamansa. Ka aiko mini da ita.

Ka huta lafiya.
Yayanka.

25 ga Maris

Yaya,

Allah ya ƙara girma. Ina gaisuwa da ban girma, a gaida mini Antina da yara.

Haba Yaya, maganar da ta shekara takwas ba ta ruɓe ba? Abin da kasuwa ta nema na kawo. A lokacin, in ka nuna wa mutum ƙaramar mota sai ya ce ka raina shi. Yaƙin nan da ya jawo tsadar mai kuwa ba ni na haɗa shi ba.

Yanzu ko ɗumama manyan motocin ba na iya yi, kuma ka san motar da ba a tayarwa lalacewa take. Batura sun mutu, tayoyi sun kwanta, ɓeraye sun tare a cikin baƙar nan ta bakin ƙofa, ko haya ba sa biya. Mai saye in ya shigo, tambayarsa ta farko, "Yaya shan manta?" Daga nan sai ya wuce su ya leƙa ƙarƙashin rumfa.

Maganar motar Baba, sai mun haɗu.

Ƙaninka mai biyayya,
Auta.

3 ga Afrilu

Auta,

Na amsa gaisuwarka.

"Sai mun haɗu" ba amsa ba ce. Ni na goya ka, na san muryarka in ka fasa kwano ka ɓoye. Mai facin da ke maƙwabtaka da filin ya faɗa wa surukina cewa kaji ne ke kwana a rumfar. Kada ka sake yi mini zancen ɓeraye. Ina motar?

Yayanka.

14 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma a durƙushe nake.

Wani direban haya ya saye ta tun kafin in aiko maka saƙon farko. Ita kaɗai aka taya a filin gaba ɗaya. Na ce in sayi batura da mai in tayar da manyan, in ɗaya ta fita sai in je in fanso ta, ba tare da ka ji ba. Sun tashi, Yaya, na wanke su har suna ƙyalli. Ba wanda ya taya. Man ya ƙare a tsaye.

Ka yafe mini. Allah ya huci zuciyarka.
Auta.

30 ga Afrilu

Auta,

Ina fatan kana lafiya.

Na sa hannu, takardar tana wurin lauya. Ba sai ka zo ba.

Jiya na ga motar Baba a tasha, na gane ta da lanƙwasar ƙarfen baya. Na biya kuɗin mota na shiga gaba. Direban yana ta yabonta, wai mai kaɗan take lasa. An yi mata fentin haya, kuma an canza kujerar direba.

Yayanka.