Kofi Mai Jan Layi

Auta,

Ina gaishe ki, da fatan ɗinkin cikinki ya daina ja. Gaisuwar ke nan, sauran ba gaisuwa ba ce.

"Wata uku kacal, Yaya, don gidana ya fi kusa da asibiti. Likita na sallamar Tsigi zan kawo miki 'yarki da kaina." Ke kika faɗa, kina kwance kan gadon da ake tura marasa lafiya a ƙofar ɗakin tiyata. Yau wata bakwai. In na kira tana barci, in na zo ta tafi gwaji.

Kin ba ta ƙoda, tawa likitoci suka ce ba ta dace ba. Na gode, na gode, na gode. Sau nawa ya rage in faɗa?

Shekara goma sha ɗaya, tun ranar da aka ce min an haife ta da ƙodar da ba ta gama ƙira ba, ni ce 'yar sandan gidan nan. Ni ke auna fitsari. Ni na ɓoye gishiri a saman kwaba. Ni na ja jan layi a jikin kofi na ce ruwa iya nan, tana kuka tana lasar leɓe, har na taɓa kama ta tana tsotsar tsumman goge tebur. Littafin ƙoda babu wanda ban ci da ƙamus ba, sai da likita ya tambayi inda na yi karatu. Ke kuma awa huɗu kika yi, kina barci ma, kika farka uwa.

Yanzu an ce ta sha ruwa iya son ranta, kuma daga hannunki take sha. Ni na hana, ke kin bayar. Wa za ta so?

Ki huta lafiya.
Yayarki

Yaya,

Ina wuni, ya aiki? Na karanta takardarki sau biyu, na biyun a banɗaki don kada Tsigi ta ga fuskata.

Ba ta sha, Yaya. Abin da nake ɓoye miki ke nan. Na sayo gora mai hoton kifi, na yi lallashi, na yi faɗa. Sai ta kurɓa ta ajiye ta ce, "Anti, ina layin? Umma ba ta ce ba." Likita da kansa ya durƙusa ya yi mata bayani, ta dube shi ta ce, "Kai ka fi Umma sani ne?" Gwajin jinin Litinin bai yi kyau ba. Likita ya ce ƙodar na son ruwa, in ba haka ba za mu koma injin wankin ƙoda.

Ya kamata in gaya miki tun wata na biyu. Na yi ta cewa gobe za ta sha don ni. Naman jikina ne a cikinta, amma izininki take jira. Ban taɓa haihuwa ba, na ɗauka wannan ya isa.

Ki yafe ni.
Autarki

Auta,

Muna lafiya. Wata biyar kina shanya ƙodarki a cikin 'yata don kada a ce sai da ni! Ashe haukan gado ne.

Ga kofin nan tare da takarda. Na kankare tsohon layin da wuƙa, na ja sabo a can bakinsa. Ki karanta mata wannan da ƙarfi: Tsigi, cika shi fal, sau takwas kullum, in ji Umma.

Ke kuma kina da zuwa azahar ɗin Asabar ki kawo min ita. In ta wuce, zan iso da akwatina in tare a falonki, in riƙa ƙirga kofinta, in ƙirga naki. Ke ma ƙoda ɗaya ta rage miki, sakarya.

Sai kin gan ni.
Yayarki