Ayoyin Surukata Sun Zame Mini Habaici

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ba magana ce da zan iya kai wa fasto ba, don shi da surukata kamar ɗa da uwa suke.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara. Aikinmu bai san Lahadi ba, in layi ya zo kanki dole ki je, shi ya sa sau da yawa ba na samun zuwa sujada. Bara muna cin abinci a gidana, Mama, mahaifiyar mijina, ta ce a gaban kowa, "Kujerarki ta coci har ta manta da ke." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta yi mini ciwo.

Bayan nan ne ta koyi tura saƙo a waya, kullum da safe sai ta turo aya a zauren iyali. Ina tsaye ina auna wa yaro magani, da wayar ta motsa a aljihuna sai gabana ya faɗi. In ayar ta yi maganar mace mai kula da gidanta, sai in ce to, an ga kwanukan da na bari ban wanke ba. In maganar taruwar masu bi ce, da ni ake. Ayar girmama iyaye kuwa ba sai an faɗa ba. Ranar da ta turo wata a kan hutawa ga waɗanda suka gaji ma, cewa na yi raguwa take kirana.

Abin haushin, ayoyin nan dai ƙanwar mijina take karantawa ta ce sun share mata hawaye. Da na yi wa mijina ƙorafi, sai ya ce, "Ke tun kafin ki buɗe kin gama yanke hukunci." Muka yi kwanaki daga gaisuwa ba ƙari.

Rannan na nemo aya mai zafi a kan harshe, na tura da gangan. Sai ga Mama ta kira, muryarta a sanyaye. Wai ayar ta taɓa ta, don ta yi wa maƙwabciyarta baƙar magana, yanzu za ta je ta ba ta haƙuri. Har albarka ta sa mini. Na ajiye wayar ban sani ba, kunya zan ji ko sabon salon habaici ne.

Yanzu abin ya wuce Mama. Ko ni kaɗai na buɗe Maganar Allah, da muryarta nake jin ta. Wuraren da a da suke sanyaya mini rai, yanzu kamar ana nuna ni da yatsa. Na daina karantawa, hankalina kuma bai kwanta ba. In na fara addu'a sai in tsinci kaina ina shirya amsar da zan ba ta.

Ga shi wata mai zuwa za a yi mata aikin ido. A wurina za ta yi jinya, kuma ta ce ni take so in riƙa yi mata karatun safe. Me ya sa ni, ba 'yarta ba? Yaya zan zauna a bakin gadonta ina karanta abin da nake jin bulala ce aka yanko domina?

Taki,
Wadda ta rasa sukuni

Ƙanwata,

Bari in fara ba ki gaskiyarki. Maganar kujera ba ta dace ba, balle a gaban mutane. Wadda ta wuni a kan yaro marar lafiya ranar Lahadi ba ta guje wa Ubangiji ba. Ba kuma zan rantse miki cewa Mama ba ta taɓa zaɓen aya da ke a ranta ba, manya sukan yi. Mijinki ma ya kamata ya fara da lallashi kafin ya faɗi tasa.

Amma abin da ya faɗa akwai ƙamshin gaskiya. Kin fi ni sanin cewa mai zazzaɓi ko zuma aka ba shi ɗaci zai ji, kuma ba a zumar matsalar take ba. Wadda aka yi wa albishir da hutu ta ji an kira ta raguwa, ba ayar take ji ba, tsohon ciwo ne aka fama. Ina kuma zargin ke da kanki rashin zuwa sujadar yana cin ki. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Dubi Mama. Kin harba mata aya, ta karɓe ta a matsayin magani. Ba ta tambayi nufinki ba, abin da Allah yake ce mata ta nema. Wanda ya buɗe Maganar yana neman makami, makami zai samu. Wanda ya zo da yunwa, abinci zai samu.

Ga abin yi. Ki daina buɗe saƙon safe a bakin aiki. Ki koma karatunki ke kaɗai, sura guda daga farko har ƙarshe, ba tsinken aya ba. Kafin ki buɗe, ki gaya wa Ubangiji a fili cewa ranki a ɓace yake, ki roƙi Ruhunsa ya wanke miki kunne. In wata aya ta yi miki zafi, ki tsaya ki duba: tana kiranki ki gyara ne, ko tana ce miki ba ki da amfani? Allah yakan tsauta wa 'ya'yansa, amma ba ya yi musu gori.

Sannan kafin ranar aikin, ki je wurin Mama da ladabi, ku biyu kawai, ki gaya mata maganar nan ta yi miki ciwo. Mai yiwuwa ta manta ta faɗa. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Karatun kuwa ki karɓa. Tsohuwar da za a ɗaure wa ido ba ta miƙa kanta ga wadda ba ta yarda da ita ba.

Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya ba ki salama a gidanki da cikin zuciyarki.

Antinki