Gugan Gidanmu a Ƙofar Otal

Litinin, 4 ga Satumba

Yau ma laka guga ya ɗebo. Na kwance igiyar shanya na ƙulla a kan ta rijiyar, ƙari a kan ƙari. Akwai ta asali da marigayi mijina ya bari, akwai guntun igiyar akuya, akwai wata shuɗiya da na tsinta a kasuwa, yanzu ga ta shanya. Rijiyar nan baban Gunadi ne ya haƙa ta da hannunsa, ko shekarar da dutsen Merapi mai aman wuta ya rufe mu da toka ba ta ƙafe ba. Kowa a unguwar nan ya san tun yaushe ruwa ya fara gudu: tun da otal ɗin bayanmu ya haƙa burtsatsensa. Amma ba a bakina za a ji ba. Gunadi, ɗana tilo, shi ke share musu wurin ninkaya. Da aikin nan muke ci.

Alhamis, 7 ga Satumba

Ɗaliban jami'a sun sake diro mana, 'yan sashen zane-zane. Mai unguwa Pak Sarjiyo ya tara mu a barandarsa. Shugabarsu wata siririya ce, Rambu, 'yar tsibirin Sumba, gashi kamar sun yi faɗa da mataji. Wai kowane gida ya ba su aron gugansa, za su kafa gora a bakin titi daidai ƙofar otal, su rataye su baki ƙasa, duk mai wucewa ya gani. Wai fasaha ke nan.

Na san irinsu. Na bara waccan sun shafe mana bango da fenti kala-kala, suka ɗauki hotuna, suka karɓi digirinsu, suka kama gabansu. Abin da suka bar mana shi ne baƙi masu ɗaukar hoton zanin da na shanya.

Shayi dai na ba su, don ba a yi mini tarbiyyar banza ba. Guga kuwa sai dai su gani a mafarki.

Asabar, 9 ga Satumba

Rambu ta biyo ni har gida. Ta sayi soyayyen tempe, wainar waken soya da nake sayarwa, ta yaba, daga nan ta zarce bakin rijiya kamar ta gadonta. Ta daɗe tana juya gugan. Na tayar mota ne, marigayi ya ɗinka shi, da jan faci a gindi. Sai kuma ta kama igiyar tana bin ƙullin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. "Bu Wartinah, ai igiyar nan ta fi gugan magana." Na ce igiya ba ta magana a gidana. Ta ce a garinsu ita ma da jarka a ka ta girma.

Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila kuma abin da take gaya wa kowace tsohuwa ke nan.

Talata, 12 ga Satumba

Yu Painem, maƙwabciyata, ta ba da nata gugan. Har da rakiya. Na ce, "Yu, ke fa in an ce za a rataye ki ma, sai ki tambaya ko za a sa a talabijin." Ta ce, "To ke zauna ki yi ta gadin laka."

Ita ba ta da ɗa a otal.

Laraba, 13 ga Satumba

Na gan ta da idona, Rambu, tana shiga otal ta ƙofar ma'aikata. Me ɗaliba mai yaƙi da otal take nema a bayan otal? Ko dai su suka turo ta, ta tattara musu gidajen masu bakin tsiya? Guga ɗaya, gida ɗaya. Babu ma wahalar bincike. Na gaya wa Pak Sarjiyo, ya yi murmushin nan nasa da ba ya kaiwa ko'ina, ya ce za a duba.

Juma'a, 15 ga Satumba

Gunadi ya dawo, ya yi wanka da moɗa biyu, ya zauna. Ina zuba masa shinkafa sai ya ce, "Bu, yau mun zubar da ruwan wurin ninkaya gaba ɗaya. Wani baƙo ne ya ce ya yi masa kore-kore." Na ce, "Le, ɗana, ci abincinka. Ruwansu ne." Ya ɗago ya kalle ni. "Nasu ne?"

Ban ji daɗin kallon ba. Na tambaye shi ko ya san yarinyar nan, ya ce kowa ya san ta. Wannan ba amsa ba ce. Tsoro nake ji, gara in rubuta tunda ba mai karantawa.

Lahadi, 17 ga Satumba

An sace mini guga.

Da safe na tarar da igiya a naɗe tsaf a bakin rijiya, ba guga. Ko takalmi ban tsaya nema ba. Na isa titi, gora a kafe, gugaye reras suna lilo, mutane sun taru, masu babura suna rage gudu. Can a sama da kowa, ga jan facin marigayi yana kallon ƙofar otal.

Na kama hannun Rambu. Abin da na faɗa mata ba zan rubuta ba, kalmar ɓarauniya dai ta fito. Ba ta fizge ba, cewa kawai take, "Bu, ba ni ba ce." Sai Yu Painem ta ja ni gefe. "Sake ta, Wartinah. Ɗanki ne. Da rigar aikinsa ya hau tsani, masu gadi suna kallo."

Ashe ranar Laraba ma shi ya shigar da ita, ya nuna mata inda burtsatsen yake. Ni ina can ina gadin ƙofar gida, ashe daga cikin ɗakina abin zai fito.

Litinin, 18 ga Satumba

Ba na yi wa Gunadi magana. Abinci dai na ajiye.

Laraba, 20 ga Satumba

Manaja ya ce ya huta a gida har sai an neme shi. Mun san fassarar wannan. Ya ninke rigar ya mayar musu. Na shiga kicin na yi kukana, na ɗora wa albasa laifi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Bu, da Baba yana nan fa?" Na ce da babanka yana nan da ya fasa maka kai. Ƙarya nake. Da shi zai riƙe masa tsanin.

Rambu ta zo ba da haƙuri. Ban ce ta shigo ba. Ta tsaya a rana har ta gaji. Har yanzu ina ganin za ta samu digirinta a kan wuyan ɗana ta koma garinsu.

Asabar, 23 ga Satumba

Na bi ta titi, hanyar kasuwa ce ai. Da wata farar igiyar leda aka ɗaure gugan marigayi, irin ta ɗaurin kwali. Abin kunya. Iska ɗaya za ta iya jefar da shi ƙarƙashin mota.

Na koma gida na ɗauko igiyar. Me za ta yi mini a bakin rijiya ba guga? Na miƙa wa yarinyar na ce ta hau, ni zan gaya mata yadda ake ƙulli. Sau uku na sa ta kwance. Da ta saki sauran, igiyar ta zubo daga saman gora har ƙasa, ta miƙe a gefen titi, ta asali da ta akuya da shuɗiyar da ta shanya. Ni kaina ban san ta kai haka ba. Wani mai babur ya tsaya ya ce igiyar me ce wannan. Kafin Rambu ta buɗe baki na ji muryata tana yi masa bayani, ƙulli bayan ƙulli, a gaban masu gadi.

Ba wai na yarda da su ba ne. Na dai ce mata gobe ta zo ta ci abinci, ta rame da yawa. Kuma ta taje gashin nan.