Gonar Ƙarshen Kanal

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Sule,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, akwai maganar da na kasa faɗa maka kana raye.

Ka tuna shekarar da aka turo mu Bunkure binciken noman rani, ina sabuwar ma'aikaciya mai digirin tattalin arziki? Kai ka zaga da mu gona-gona, kana ce wa kowa, "'Yata ce, gwamnati ta aiko ta." Ka nuna mana yadda ciyawar kacalla ta toshe kanal ɗin ban-ruwa, ruwa ba ya isowa gare ku na ƙarshe. Tumatirinka ya ƙone tun yana fure.

Da muka koma ofis a Kano, sunayenku suka zama lambobi a kwamfuta. Ogana ya ce gonakin da ba su ba da komai ba suna ɓata sakamako, wai a ilmance cire irinsu ake yi. Ni na cire su, Baba, da yatsana. Na san taka na ciki, na yi kamar ban sani ba. Rahoto ya fito fes: ruwa na isar manoma, yashe kanal ba na gaggawa ba ne.

Ba a kuwa yashe ba. Rani uku kana jira, daga baya ka koma dakon kwandunan tumatirin wasu a Kadawa, da furfurarka.

Abin da ya fi ci min rai, ka naɗe rahoton nan a leda, kana fito da shi ga duk baƙon da ya zo, kai da ba ka karanta boko. Ni kuwa a kansa aka ƙara min girma. Har yau ana kafa hujja da shi a tarukan otal, ana shan shayi ana tafi. Ina ƙyamar aikin nan, amma ƙyamar kaina ta fi.

Makon jiya na mayar da gonakinku cikin jadawalin binciken, na kai wa manyan ofis gaskiyar. Suka ce ko in janye ko in bar kujerar. Na ajiye musu makullin ofis. Na sani, Babana, wannan ba zai kai ko ɗigon ruwa gonarka ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa ka yafe min ranar da za mu haɗu.

'Yarka,
Hadiza