Furen Tsubaki da Na Aika wa Inna

Yaya Shozo,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna?

Ina nan lafiya a Paris, tarin nan da nake yi bai taka kara ya karya ba. Turawa na son zanen furannin ƙasarmu, kullum tsubaki nake zana musu.

Jiya zanen da na aika wa Inna ya dawo tare da takardarka: "Kikue, kin haukace ne? Mara lafiya ake kai wa furen da ke faɗuwa ɗungurungum kamar yankakken kai?"

Yaya, mantawa na yi. Shekara tara ina zana shi don ado, har na manta alamar mutuwa ce a wurinmu.

Ba ka ce komai game da jikinta ba. Don Allah, ta gan shi kafin ka mayar?

Ƙanwarka,
Kikue