Macijin da Na Ɓoye a Adakar Kaka

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, barkanmu da war haka. Admin don girman Allah a sakaya sunana, wayar ma ba tawa ba ce, ta ƙawata ce na ara bayan an tashi daga Islamiyya. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, na san zagin na nan tafe kuma ba zan ce ban cancanta ba.

Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandare a nan Daura, shekarata goma sha shida. Gidanmu cikin gari yake, babu nisa da kasuwa, Babanmu yadi yake sayarwa. A gidan akwai Inna da ta haife ni, da babban yayana Yaya Nura da matarsa Anti Rabi da 'ya'yansu biyu, Ummi mai shekara uku da jariri mai rarrafe. Sunayen nan duk na canza su. Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu, amma ina da kallo, abin da na gani sau ɗaya ba ya ɓace min.

Watannin baya akwai wani mai wasa da maciji da yake zuwa ranar kasuwa, yana shimfiɗa tabarma ta wajen masu awaki, da akwatinsa na katako mai koren fenti, yana sayar da ƙullin magani. In an taso mu daga makaranta sai in bi ta can in laɓe bayan wata rumfa ina kallo, da yunifom ɗina, a wurin da duk maza ne. Sau biyar na yi haka, babu wanda ya sani a gida. Macizansa uku ne, amma ɗaya na fi kallo, baƙi, irin wanda ake kira gamsheƙa, ƙarshen wutsiyarsa a guntule, da wani farin tabo a gefen wuya kamar an ɗiga masa alli. Kan wannan macijin ne mutumin yake sawa a bakinsa mutane su yi ta salati. Na lura sauran biyun suna buɗe baki, shi ko sau ɗaya ban ga ya buɗe ba, harshe kawai yake fitarwa.

Ranar wata Alhamis da la'asar Inna ta aike ni sito in ɗauko tabarmar baƙi. Siton ɗakin marigayiya Kakarmu ne, yana manne da ɗakin Anti Rabi. Ina janye buhun gawayi na ga maciji a naɗe kusa da rariyar da ruwa ke fita waje. Na tsaya ina kallonsa. Ya ɗago yana so ya fasa kai, ya kasa, ya mayar da kan ƙasa. A nan na ga guntuwar wutsiyar da farin tabon, na gane shi. Da na ƙara dubawa sai na ga dalilin da bai taɓa buɗe baki ba, ashe ɗinke shi aka yi. Ɗinki huɗu ne, biyu ta kowane gefe, da baƙin zare mai kauri mai sheƙi irin na masu gyaran takalmi, an bar 'yar ƙofa ta gaba inda harshen ke fita. Wurin ya kumbura yana ruwa, kiyashi sun yanyame shi.

Na san abin da ya kamata in yi shi ne in kira Yaya. Amma na san kashe shi za a yi, kuma in na ce na san mai shi, tambaya ta biyu ita ce a ina na san shi. Baba ya sha faɗa cewa ranar da aka kawo masa ƙarata daga waje, ranar na gama boko. Sai na kwantar da tsohuwar adakar Kaka a gefe, na tura shi ciki da sandar tsintsiya, bai ko yi gardama ba, na rufe. Adakar ta yi tsatsa ta huhhuje ta baya, iska tana shiga. Na ɗauki tabarma na fita, Inna ta ce me ya zaunar da ni, na ce ɓera na gani.

Kwana goma sha ɗaya ina jinyarsa. Na zuba masa yashi a ciki, na sa tsumma mai danshi a kusurwa ɗaya, na lura da rana can yake kwanciya, da safe kuma ya koma ɓangaren da babu danshi. Na zagaye adakar da toka saboda kiyashi. Ruwa da sirinjin maganin yara nake ba shi, in danne wuyansa da sanda a hankali in ɗiga ta 'yar ƙofar nan, sai in ga maƙogwaronsa yana motsi. Bakin kuma ina goge masa da auduga da ruwan gishiri mai ɗumi, a bakin tsinke mai tsawo. Na tambayi malamin Bayoloji a aji, karo na farko da na taɓa ɗaga hannu, na ce Malam maciji kwana nawa zai yi bai ci abinci ba. Aji ya fashe da dariya, wata ta ce “Yau kurma ta yi magana, kuma da maciji ta fara.” Malam ya ce yana daɗewa, amma ba har abada ba.

Shi ya sa na koma ƙwai. Anti Rabi tana kiwon kaji, ita ce kuma mutum ɗaya a gidan da nake iya zama kusa da ita, tana ɗinkin hula ina ware mata zare. Na ce mata ina sha'awar ƙwai, ta yi dariya ta ce “Autar Inna an fara kwaɗayi,” ta riƙa ajiye min ɗaya kullum a ƙarƙashin faifai don kada Inna ta ce ana ɓarna. In kaɗa shi ɗanye da ɗan ruwa in ba shi da sirinji, ɓawon in tura shi ta rariya, wadda take fita ta bayan ɗakin Anti. Sau uku na ɗauki reza zan yanke zaren, sau uku ina fasawa, don in bakin ya buɗe ban san wa zai fara sara ba, ga jariri yana rarrafe ko'ina. Na koma kasuwa ranar da take ci, mutumin bai zo ba, na ji masu awaki suna cewa ya tsallaka Nijar. Gaskiya ko da na gan shi ban san ko zan mayar masa ba.

Rana ta goma sha biyu ina makaranta abin ya faru. Na yi sauri da safe ban danne murfin adakar da dutse kamar yadda na saba ba. Da na dawo tun daga bakin lungu nake jin hayaniya, tsakar gidanmu cike da matan unguwa. Inna ce ta shiga ɗakin Anti ɗaukar jariri ta gan shi a ƙarƙashin gado kusa da randa. Maƙwabta suka shigo suka kashe shi da taɓarya. An fito da shi za a yar, Gwaggo Laraba ƙanwar Baba ta ga zaren, ta dafe ƙirji ta ce “La haula, wannan ba maciji ba ne, aiki ne. Bakin Nura aka ɗinke.” Dama Inna ta daɗe tana cewa tun da Yaya ya yi aure ba ya iya ce wa matarsa komai. Nan take magana ta zauna.

Na tarar an rataye shi a kan igiyar shanya, duk wadda ta shigo sai an nuna mata bakin. Anti tana durƙushe a ƙasa babu ɗankwali, gefen fuskarta ya tashi. An fito da kayanta an zazzage, zaren hularta kala-kala a warwatse cikin ƙasa ana takawa, Gwaggo ta tsinci baƙi a ciki ta ɗaga sama ta ce ga shi nan. Ba shi ba ne, na hula laushi gare shi kuma siriri ne, ko makaho ya shafa zai bambance, amma babu wanda ya gwada su kusa da juna. Wata ta zagaya baya ta dawo da ɓawon ƙwai cike da hannu, aka ce ai dama da ƙwai ake irin wannan aikin. Anti tana rantsuwa ana ce mata ta daina kama sunan Allah da wannan bakin. Yaya ya dawo daga shago ya ce a tsaya a bincika, Inna ta ce “Kun ji ko? Har yanzu aikin bai sake shi ba.” Ya yi shiru, Gwaggo ta ce “To ku duba, namiji har namiji, an hana shi magana.” Ko ta ina ya bi Anti aka kama da laifi.

Ga inda na fi jin kunyar faɗa. Inna ta jawo ni tsakiya ta ce ke da kullum kina ɗakinta, kin taɓa ganin tana ɓoye ƙwai? Mata sun fi ashirin suna kallona, macijin yana lilo a kan igiya dab da kaina. Na gyaɗa kai. Ta ce a ina, na ce ƙarƙashin faifai. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma gaskiya ne, amma na san abin da na yi da shi. Aka ɗaga faifan, ƙwaina na ranar yana nan tana jirana da shi. Wata maƙwabciya ta tofa wa Anti miyau. Daga baya aka zuba wa macijin kalanzir aka ƙona a ƙofar gida, yara suna tsalle suna kiran sunanta.

Washegari Baba ya ce ta tafi gidansu a Dutsi har a yi zama. Jaririn kawai aka bar mata saboda nono, Ummi kuwa Inna ta ce ba za ta bi matsafiya ba. Masu kawo mata hula sun zo sun karɓe kayansu ko gamawa ba ta yi ba. Tana haɗa kaya na shiga in miƙa mata silifas ɗin jariri, ba ta kalle ni ba, tana ninke zani ta ce “Auta, ƙwan nan da nake ba ki, ke kike ci?” Na ce eh. Sai ta ce “To. Ummi ba ta son ruwan wanka mai zafi, ki riƙa sirka mata.” Shi ke nan abin da ta ce min, ta goya ɗanta ta fita, babu wanda ya raka ta tasha.

Yau kwana tara. Ummi a ɗakin Inna take, ni nake mata wanka, kullum sai ta tambaye ni yaushe Mama za ta dawo daga kasuwa. In ta yi kuka Gwaggo ta ce jinin uwar ne, a bar ta. Yaya ya rame, an sa shi shan rubutu safe da yamma. Na gwada faɗa wa Inna sau ɗaya, na ce Inna zaren nan fa ba na hula ba ne, ta ajiye muciya ta kalle ni ta ce “Ke ma ta ba ki wani abu kin ci ko? Bari Babanku ya dawo.” Na ce a'a ni ban ce komai ba. Adakar tana nan a sito yadda take, da yashin da tsumman da sirinjin, ban taɓa su ba, wani lokaci in ji kamar in kwashe in zubar, wani lokaci in ce su kaɗai ne shaidar da Anti take da ita a duniya.

Ranar Asabar mahaifinta da kawunta za su zo. Baba ya riga ya gaya wa Yaya cewa ko ya rubuta mata takardar saki a gaban iyayenta ko ya bar masa gida. Jiya kuma Inna ta ce in wanke farin hijabina, don za a kira ni zaure in maimaita maganar ƙwai, wai ni yarinya ce ba za a ce na ƙulla sharri ba.

In na faɗi gaskiya na san makaranta ta ƙare, ga duka, ga sunan da zai bi ni a unguwa, yarinyar da ta yi kiwon maciji a ɗakin kakarta, kuma mai yiwuwa duk da haka su ce Anti ce ta juya ni, in rasa nawa ita ma ba ta samu nata ba. In na yi shiru kuma an saki matar da ba ta yi komai ba sai ba ni ƙwai, an raba ta da 'yarta, da bakina. Na yi tunanin in fara samun Yaya shi kaɗai in kai shi ya ga adakar, amma ina tsoron ya fasa maganar tun kafin baƙi su zo a kwashe shaidar. Na yi tunanin malamarmu ta Islamiyya, Baba yana jin maganar mijinta, sai dai ban taɓa yi mata magana ba in ban da gaisuwa.

Iyaye da yayye da ke cikin zauren nan, wa zan fara gaya wa, kuma yaushe? In nuna adakar tun yanzu ko in bari sai a gaban mahaifinta? Saura kwana uku. Don Allah kada ku ce min kawai in faɗi gaskiya, wannan na sani. Ku rubuta min yadda zan faɗe ta, kalma bayan kalma, in haddace kamar hadda, don na san kaina, in Baba ya ce ke Auta faɗi abin da kika gani, idanu suka dawo kaina, kai zan sake gyaɗawa.